Dogon Sukuru a Siririn Katako

"Mama, wannan ne zai zama sabon babana?"

Lele ce ta jefo tambayar a tsakiyar shagon kafinta, tana nuna shi da yatsa. Malama, mahaifiyarta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tun rasuwar mijinta ba ta kalli wani namiji sau biyu ba, teburin karatu kawai ta zo a yi wa yarinyar.

Kafinta ya kakkaɓe garin katako daga gemunsa yana murmushi. "Mu fara da teburin tukuna, 'yar gidana."

Ranar da ya kai teburin, ya kifa shi ya nuna wa Malama ramukan da ya huda a karkace ta ƙasa, inda sukuru ke ɓuya ya riƙe katako biyu.

"Katakon siriri ne, rabin inci. Gajeren sukuru yake so."

Aikin teburi ya kammalu, amma zuwansa gidan bai ƙare ba. Har ya fara kiranta Gimbiya, ita kuma ta daina harararsa.

Sai dai hankalinta bai kwanta da guntayen sukurun nan ba. Lele komai hawa take. Wannan ɗan abu ne zai ɗauke ta? Malama ta sayo dogaye, ta cire nasa, ta ɗaure nata tamau, ba ta gaya wa kowa ba.

Tsinin ɗaya ya leƙo ta sama. Lele ta goga tafin hannu a kai, sai jini.

Baba, mahaifin Malama, ya sa aka kira kafinta. "Aikin hannunka ya ji wa jikata ciwo, kai zan ba amanarta?"

Kafinta ya leƙa ƙarƙashin teburin, ya ɗago ya dubi Malama. "Laifina ne, Baba. A yi haƙuri."

"Kada ka sake tako gidan nan."

Malama tana tsaye a bakin ƙofa, ta bar shi ya fita da laifinta a kansa.

Abinci ya daina shigarta. Duk wankin ciwon Lele sai ta yi shi da hawaye. Sai ga saƙonsa:

"Gimbiya, ya hannun 'yar gidana? A rufe tsinin kafin ta sake hawa. Kada ki damu da ni."

Ta kwaso guntayen sukurun ta zube gaban Baba, ta durƙusa.

"Ga nasa, Baba. Ni na canja. Gani na yi dogo ya fi ƙarfi."

Baba ya jima yana juya ɗaya a hannu. "Wato ke ce kafintar gidan, shi kuma ya sha faɗan." Ya nisa. "Wanda ya rufa miki asiri haka, ba a korarsa. Ki ce ya turo manyansa."

Ranar ɗaurin aure Baba ya sa musu albarka, sannan ya ja ango gefe. "Ka ɓoye mata akwatin kayan aikinka."

'Yar'uwa, ki ji ni da kyau. In katako siriri ne, kada tsoro ya sa ki kai masa dogon sukuru, ta inda yaro ke dafawa zai fito. In kuma kin riga kin yi, ki buɗe baki tun kafin wani ya ɗauki laifin.