Farar Ƙwaya da Jar Ƙwaya

"Ba zan ba shi ba. Ko shi kaɗai ya rage namiji a duniya, ba zan ba shi ba."

Kaka ce ke wannan magana, tana kishingiɗe a doguwar kujerar falo, ƙafarta ta hagu naɗe da bandeji a kan matashi. Takwara, jikar da ta ci sunanta, tana durƙushe a gabanta da kofin ruwa a hannu, ta ma manta dalilin da ya sa ta kawo shi.

"Kaka, don Allah..."

"Shekaranjiya na kusa zama gawa, ke kina nan kina don Allah. Mutumin da maganinsa ya kayar da ni a ƙofar banɗaki, shi zan ɗauki jikata in ba? In ya gama da ni ya dawo kanki?"

Takwara ta dubi Baba ko zai sa baki. Baba ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Mutum ne da in ya yi gyaran murya a ofis ma'aikata talatin ke shiga taitayinsu, amma a gaban mahaifiyarsa bai wuce ɗan shekara bakwai ba. Da ƙyar ya ce to a dakata. In har yammacin Juma'a ya yi Kaka ba ta sauko ba, zai kira manyan yaron ya ce kada su zo neman auren ranar Asabar. Ranar kuwa Talata ce.

Yaron da ake magana a kai shi ne mai kemis ɗin bakin layi, dogo mai sanyin murya, wanda Kaka ta raɗa wa suna Sarkin Hani tun ranar da ya ce ta rage gishiri. Shekara biyu ke nan Takwara na zuwa wurinsa karɓo wa Kaka maganin hawan jini da na ciwon gwiwa. Da farko minti biyu take yi. Sannu a hankali ya koma goma, har wata rana ta dawo gida da murmushi fal fuska, maganin kuwa yana can ta manta shi a kan teburinsa.

Kaka ba ta taɓa sonsa ba, amma ba ta hana ba, sai da jiri ya fara ɗibar ta duk lokacin da ta miƙe, ya ƙare da faɗuwar nan. Sai ga Ɗan Gayu, jikan Gwaggo maƙwabciyarsu, mai shagon wayoyi, wanda ya daɗe yana zarya Takwara na yi masa kallon bango. Ya zo dubiya da ledar lemo, ya rage murya ya ce shi dai ya ji ana cewa wasu masu kemis tsofaffi suke tura wa maganin da ya kusa lalacewa. Bai kama suna ba. Kaka kuwa ba ta buƙaci a kama mata ba.

Ranar Laraba, tana tashi daga makarantar da take koyarwa, Takwara ta zarce kemis. Yana ganin idanunta ya sallami mai sayen maganin tari, ya jawo mata kujera.

"Malamata, kuka kika yi."

"Likitana, za su raba mu..."

Kullum in ta kira shi haka sai ya ce shi ba likita ba ne. Yau bai ce ba, abin da ya ƙara karya mata zuciya ke nan. Ya ɗauko takardar da likitan Kaka ya rubuta, ya ajiye kusa da kwalin maganin, ya nuna mata suna da ƙarfi da ranar lalacewa, komai daidai. Sannan ya tambaye ta yadda Kaka ke sha. Ta ce ita da hannunta take ba ta farar ƙwayar hawan jini ƙarfe bakwai, ba ta motsawa sai ta ga ta haɗiye. Ta gwiwa kuma a faranti take bar mata, ta sha bayan karin kumallo.

"Bayan kin tafi makaranta fa, me ke faruwa a gidan?"

Shekara biyu tana bugun ƙirji cewa ba wanda ya san Kaka kamarta, ashe daga bakwai da rabi zuwa biyu ba ta san komai ba. Ya ce akwai abin da yake zargi, amma ba zai ɗora wa kowa laifi ba sai an gani da ido. Roƙonsa ɗaya, gobe ta nemi izinin makara.

Da safiyar Alhamis Takwara ta yi sallama da ƙarfi, ta buga ƙofar gida yadda kowa zai ji, ta zagaya ta shigo ta ƙofar kicin. Ta laɓe jikin tagar da ke kallon baranda, kamar wadda ta zo sata gidan ubanta.

Ba a jima ba Gwaggo ta shigo tana dogara sanda, da filas ɗin shayinta. Shekara arba'in suna zaman nan na safe ita da Kaka. Tare suka yi goyo, tare suka aurar, mazansu suka rasu shekara ɗaya tsakani, kuma duk abin da ya shigo hannun ɗaya sai an raba shi biyu, ko da sabulu ne. Suka gaisa, suka sha shayi, suka taɓa gulmar matar mai gidan kusurwa kaɗan. Sai Gwaggo ta kwance bakin gyalenta, ta fito da wata 'yar jar ƙwaya mai sheƙi.

"Ungo taki, ba ni tawa."

Kaka ta ɗauki ƙwayar gwiwa daga faranti ta miƙa mata.

"Wallahi tun da na fara shan taki gwiwata ta daina ƙara," in ji Gwaggo. "Kaina ne dai ke sarawa."

"Ni kuwa ba don jar nan taki ba, ai da tuni farar Sarkin Hani ta gama da ni. Me ɗanki ya ce sunanta?"

"Oho. Ya dai ce ta zuciya ce, mai tsada."

Kaka ta kai hannu baki. Takwara ba ta san lokacin da ta banko ƙofa ba.

"Kaka, kar ki sha!"

Tsofaffin nan biyu suka daskare, kowacce da ƙwaya a hannu, kamar yaran ajinta in ta kama su suna ciye-ciye a ƙarƙashin benci. Kaka ce ta fara farfaɗowa, ta tambaye ta ko an kore ta daga aiki ne.

Cikin minti goma mai kemis ya iso da na'urar awon jini a hannu. Kaka ta kawar da kai gefe. Shi kuwa ya cire takalmi, ya zauna a matakalar baranda ƙasa da ƙafafunsu, ya gaishe su a tsanake har da tambayar kwanan ƙafa. Sannan ya roƙi Gwaggo ta bar Takwara ta ɗauko kwalin jar ƙwayar daga ɗakinta. Ya karanta, ya jera shi da kwalin farar ƙwayar Kaka.

Magani ɗaya ne. Kamfani ne ya bambanta, shi ya sa launi ya bambanta. Wata guda cur Kaka na shan maganin hawan jini sau biyu kowace safiya, Gwaggo ba ta shan ko ɗaya, ga ta kuma tana haɗiyar maganin gwiwar da ba a rubuta mata ba. Ya auna su. Na Kaka yana ƙasa-ƙasa, na Gwaggo ya yi sama har sai da ya sake aunawa.

Gwaggo ta dafa ƙafar nan mai bandeji.

"Ashe ni na kayar da ke?"

Ya ce mata ba mugunta ta yi ba, ƙauna ce ta bi hanyar da ba tata ba, kuma an gode Allah da aka gano da wuri. Amma yau ɗin nan sai sun ga likita su biyun, shi zai kai su. A nan Gwaggo ta fashe da kuka sosai. Ta ce ɗanta ya daɗe yana cewa ba ta iya kula da kanta, in ya ji wannan ɗauke ta zai yi ya kai ta can wurinsa, inda ba ta san kowa ba. Baba kuma abokin ɗan nata ne, abin da ya shiga kunnen ɗaya ya shiga na ɗayan.

Mai kemis ya ce likita dole ya ji komai, amma ban da shi ba wanda zai ji daga bakinsa. Ya dubi Takwara har sai da ita ma ta gyaɗa kai, ba don ranta ya so ba. Har aka je asibiti aka dawo, kallo ɗaya Kaka ba ta yi masa ba.

Juma'a da rana Takwara ta same shi a kemis, ranta a ɓace.

"Kalma ɗaya fa za ka faɗa wa Baba. Ɗaya tak."

"Na yi alkawari, Malamata."

"Ni ba ka yi min alkawari ba? Ka zaɓi tsofaffi biyu ka bar ni?"

"Ke na zaɓa. Amma in na shiga gidanku ta kan hawayen Gwaggo, da wane ido zan riƙa gaishe da Kaka? Ki ba ta lokaci."

Ta ce lokacin saura awa huɗu, ta ɗauki jakarta ta fita ko sallama babu. Tana tafe tana share hawaye, tana jin haushinsa, tana kuma jin ba ta taɓa sonsa kamar yau ba. Wannan ya fi komai ba ta haushi.

Da yamma Baba ya shigo falo, ya zauna gefen Kaka, ya tambaye ta ko tana nan a kan bakanta. Kaka ta tsura wa bango ido. Takwara na tsaye bakin ƙofa, ta ciji leɓe har ya yi zafi. Ta san abin da ke cin tsohuwar. In ta yi magana ta rasa aminiyar shekara arba'in, in ta yi shiru ta karya jikarta. Baba ya yi ajiyar zuciya ya ciro waya.

Sai aka ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a baranda. Gwaggo ta shigo ko zama ba ta yi ba, ta ce wa Baba ya ajiye wayar nan, ita ce ta kayar da uwarsa.

"Ƙarya take," in ji Kaka, ta yunƙura ta zauna. "Ni na fara roƙon ta. Na ga tata ja ce, ta fi tawa kyau."

"Ke dai yi shiru, wa ya kwance gyale?"

"Wa ya miƙa hannu?"

Baba ya bi wannan da kallo, ya bi waccan. Sai da Takwara ta warware masa zancen tun daga farko, sannan ya dafe kai yana salati, dariya na neman ƙwace masa. Gwaggo ta ce tun da safe ta kira ɗanta da kanta ta faɗa masa komai, don ba za ta iya kwana da hakkin yaron mutane ba. Ya yi faɗa har wayar ta yi zafi. Daga ƙarshe ya ce tunda akwai mai ido irin wannan a layin, ta zauna, da sharaɗin duk mako mai kemis ne zai jera mata maganinta. Shi kuwa jikanta mai ɗaukar zance, ta ce, ta riga ta gana da shi, sandar nan shaida ce.

Kaka ta daɗe tana kallon aminiyarta. Sannan ta ce wa Baba ya kira mutanen, ya ce su zo da wuri. Ta juyo kan Takwara, wadda ke kuka da dariya a haɗe.

"Ke kuma daina yi min ruwa a falo. Kira min shi."

Takwara ta danna lambar. Bugu ɗaya ya ɗauka, da alama wayar na hannunsa tun ɗazu.

"Malamata?" Muryarsa a dashe. "An kira su, ko?"

Kafin ta amsa Kaka ta karɓe wayar, ta kara a kunne a juye, sai da Gwaggo ta gyara mata.

"Ba Malamarka ba ce, ni ce. Saurara, don ba na maimaita magana. Na ɗora maka laifin da ba naka ba, aurenka na hannuna, ka san gaskiya ka rufa min asiri. Ka yafe ni, ɗan nan."

Baba, da ya shekara hamsin bai taɓa jin kalmar nan daga bakinta ba, ya ɗago kai a hankali. Daga cikin wayar ba a jin komai sai numfashi.

"Kana ji na kuwa?"

"Ina ji, Kaka..."

"To share hawayen, namiji da kai. Jikata taka ce."