Rumman a Jakar Stamatia

"Ke kika gaya masa muna nan," in ji Stamatia.

Ƙawarta Fotini ta ci gaba da ɗaukar hoton tsofaffin gidajen Plovdiv, a ƙasar Bulgeriya, kamar ba da ita ake ba.

"Garinsu ne yanzu, 'yar'uwa. In hana mutum yawo a garinsu?"

"Munafuka."

"Na gode. Gyara gashinki, ga shi nan tafe."

Su huɗu suka taso daga Kavala, garinsu na bakin teku a ƙasar Girka, a motar Thanasis, mijin Fotini, hutun ƙarshen shekara. Kwana uku suna hawa da sauka a kan duwatsu, suna cin gasasshen nama, ƙanwar Thanasis tana ƙorafin sanyi. Stamatia ba ta ga komai ba. Duk lungun da suka shiga, fuska ɗaya take nema.

Ga mai fuskar ya iso, Lefteris, masoyinta. Ya rame. Shekara biyu ke nan da ya samu aiki a nan. Sau biyu ya nemi ta aure shi ta biyo shi, sau biyu ta ce a'a. Tun rasuwar mahaifiyarta, ita kaɗai ta rage wa babanta, Manolis mai gyaran komar kifi.

"Kin iso lafiya?"

"Lafiya."

"Baba fa?"

"Yana nan. Yana faɗa da kowa."

Thanasis ya ja matan biyu gefe. "Ku zo in nuna muku wani dutse. Dutse ne mai tarihi ƙwarai, yana can nesa."

Suka rage su biyu. Dusar ƙanƙara na sauka a kafaɗarsa, hannunta na son kakkaɓewa. Ta cusa shi a aljihu.

"Ki kwana a garin nan yau," ya ce. "Mu ga sabuwar shekara tare, ko sau ɗaya."

"Da yamma za mu koma. Ka san gobe da safe ni ke fasa wa Baba rumman."

Ya sani. Kowace safiyar sabuwar shekara ita ke fita waje, ta doka rumman a bakin ƙofa, ta shigo da ƙafar dama, don gida ya samu albarkar shekara. Mahaifiyarta ce ke yi a da.

"Na kama gida, Stamatia. Ɗaki biyu. Ko labule ban sa ba, ina jira ki zaɓa..."

"Kada ka fara."

"Zuciyata, ba zan tambaya sau huɗu ba. Ba fushi ba ne. Na gaji ne."

"Wa zai dafa masa? Wa zai tuna masa magani? Ka ce in bar tsoho da bango huɗu?"

Ta juya baya, ta buɗe jaka tana neman abin share ido. Can ƙasa, a aljihun da ba ta taɓa buɗewa ba tun tasowarsu, hannunta ya taɓa abu mai tauri, an naɗe shi a shuɗin ɗankwalin mahaifiyarta.

Rumman ne. Wanda ke rataye a saman ƙofarsu tun kakar bana. Ga zaren komar da aka ɗaure shi da shi.

Ta kira gida.

"Baba, rummanmu yana jakata."

"Na sani. Ba ƙafa gare shi ba."

"To gobe me zan fasa a..."

"Yaron nan yana da ƙofa?"

Ta dubi Lefteris.

"Tambayarki nake yi. Yana da ƙofa ko a titi yake kwana?"

"Yana da ita, Baba."

"To. Uwarki a ƙofata ta fasa, ba a ta ubanta ba."

"Kai fa? Wa zai..."

"Ɗa ɗaya bishiyar ta yi? Ina da hannu. Ina da ƙafar dama. Kina cinye mini lokaci, miya na wuta."

Ya kashe. Manolis bai taɓa dafa miya ba a rayuwarsa.

Ta tsaya da rumman a hannu tana kuka. Lefteris ya cire mayafin wuyansa ya naɗa mata.

Washegari da hantsi su biyar suka tsaya a ƙofar gidan da ba labule.

"Da ƙarfi," in ji Fotini. "Ki ɗauka kan Thanasis ne."

Ta doka. 'Ya'yan suka watsu, jajaye, har cikin ɗaki. Ta ɗaga ƙafar dama ta shiga, Lefteris na riƙe da hannunta.

Wayarta ta yi ƙara.

"Ya fashe?"

"Ya fashe, Baba. Ko'ina ya watsu. Naka fa?"

Tana jin kukan tsuntsayen teku a bayansa, da ƙarar ƙofar nan da ta sani.

"Gida biyu kawai ya rabu. Hannun ba kamar da ba."

"Baba..."

"Ba shi wayar."

Lefteris ya karɓa, ya miƙe tsaye sosai kamar tsohon na ganinsa.

"Ba ta son sanyi, amma ba za ta faɗa ba," in ji Manolis. "Ka saya mata safa mai kauri."