Kunnen Likita

Sufeto bai ko zauna ba Sajan ya tare shi da labari: wani tsohon likita ya kawo ɗansa da kansa tun jiya da yamma, ya ce a rufe shi, ɓarawo ne.

"Me ya sata?"

"Sifika, Yallaɓai. Wai ba dukanta ba, kayan cikinta."

Sufeto ya dubi shayinsa da bai kai ga kurɓa ba, ya ja tsaki. Ya gaji da ganin gawa, ya gaji da ɓarayi, amma ba abin da ke kashe masa jiki kamar uba ya kawo ƙarar ɗansa. Irin wannan magana ko an kashe ta a ofis, a gida ba ta mutuwa. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Likita ya kai shi wani ɗaki a ƙuryar gida. Kujera ɗaya ce tal a tsakiya, tagogi an toshe su da labule masu kauri. Sifiku ne jere a jikin bango, bibbiyu, an lulluɓe su da fararen ƙyallaye. A gaban kujerar wasu biyu na tsaye, tsayinsu ya kai ƙirjin mutum, har an manna salatif a ƙasa daidai inda ƙafafunsu za su tsaya.

"Kada ka jingina da ita, Sufeto," in ji Likita. "Waɗannan biyun sun fi motata tsada. Duk na ɗakin nan na gwada su da su, ɗaya bayan ɗaya, ba mai kama ƙafarsu."

"Me aka cire?"

"Ka ga ƙaramar nan ta sama? Ita ke fitar da siririn sauti, har shan numfashin mawaƙi kana ji. Jiya na manta mabuɗi a jikin ƙofa, na dawo na tarar da Auta durƙushe da sukudireba ya kwance ta. Da na duba, sai na ga ta kasuwa ce, irin ta rediyon mota. Ɗayar ma haka. Yaro ya gama karatu ba aiki, sai zaman kashe wando, yanzu kuma ya koma yi mini sata!"

"Yaushe ka fara jin sautin ya canja?"

Likita ya ci gaba da shafa katakon. Sai da Sufeto ya maimaita da ƙarfi.

"Na'am? Ai jiyan aka yi abin. Shekaranjiya na saurara, garau take. Kunnena ba ya ƙarya. Gobe kotu nake so a kai shi."

Sufeto ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya juya 'yar sifikar da ke reto. An liƙe wayoyinta da dalma tsaf, aikin hannun da ya saba. An kuma shafa wa fuskarta baƙin fenti don ta yi kama da ta asali. Ya kai hanci. Fentin ya bushe ƙayau, ko wari babu. Wannan ba aikin jiya ba ne.

Da ya koma ofis, a bayan kanta ya sami Auta zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa.

"Me ya kai ka kwance sifikar babanka?"

"Ƙura nake gogewa, Yallaɓai."

"Da sukudireba?"

Auta ya ƙara cusa kai cikin gwiwa.

"Ka iya liƙin dalma?"

"Ban iya ba."

"To tun yaushe ka san an canja su?"

Auta ya ɗago da sauri, sai kuma ya kau da kai. "Ni ban san komai ba. Ban dai sata ba."

"Gobe kotu, ka sani ko? In alƙali ya rubuta maka ɓarawo, takardun karatun nan naka sai dai ka yi fifita da su."

"Na sani."

Sufeto ya san ƙaryar ɓarawo, ya kuma san ƙaryar mai rufa wa wani asiri. Wannan ta biyun ce, kuma ita ta fi cin rai, domin mai yinta gani yake lada yake samu.

A bakin ofis ya haɗu da mahaifiyar Auta, ta kawo abinci a kwano, idanunta sun kumbura.

"Mama, wa ke riƙe mabuɗin ɗakin nan ban da maigida?"

"Wa fa? Ni da na haifa masa 'ya'ya ko shara ba na shiga yi. Ko da zai kwanta asibiti a yi masa aikin ƙugu, bai ba ni ba. Injiniya ya ba."

"Wane ne Injiniya?"

"Amininsa. Duk Asabar sai ya zo su rufe ƙofa suna musu, wannan ya ce tasa ta fi, wancan ya ce tasa ta fi. Tsofaffi da furfura!"

"Me ya sa ya ba shi mabuɗin?"

"Wai sifika in ta daɗe ba ta yi magana ba takan sandare, sai an riƙa kunna ta. Ni ina asibiti ina jinyar mutum, shi yana gida yana jinyar akwati." Ta share ido da gefen mayafi. "Ɗana, ka sakar mini yarona. Ko canjin cefane bai taɓa riƙewa ba."

Gidan Injiniya ma akwai ɗaki mai kujera ɗaya. Mutum ne siriri mai saurin magana, kuma kafin Sufeto ya gama gaisuwa har ya zaunar da shi ya ɗora faifai.

"Rufe ido, Sufeto. Ka ji wannan? Ka ji yadda yatsa ke gogar tsirkiya?"

Sufeto bai ji komai ba sai kiɗa, da ciwon kai da ke tasowa. Ya bar idonsa a buɗe. A kan tebur akwai ƙarfen liƙin dalma.

"An ce kai ka riƙe mabuɗi da Likita ke asibiti."

"Ni ne. Kunnawa kawai nake yi in kashe. Ko murfi ban taɓa ba. Yaron nan dai, Allah ya shirya."

"Amin." Sufeto ya yi hamma, ya miƙe kamar mai shirin tafiya. "Amma fa amininka ya burge ni. Ya ce shekaranjiya garau take, da an taɓa ta da tuni ya ji. Ya ce ko kai, da duk iliminka, a wurinsa kake koyon sauraro. Irin wannan kunne sai an tona."

Injiniya ya kashe faifan.

"Ni? A wurinsa?"

"Haka ya ce."

"Wane kunne? Mutumin da tun da ya dawo daga asibiti yake zaune gaban sifikar rediyon mota yana lumshe ido yana cewa ba kamarta a duniya? Duk Asabar ina zaune ina kallonsa, ko sau ɗaya bai..."

Ya tsaya. Bakinsa ya zauna a buɗe.

"Ci gaba," in ji Sufeto, ya koma ya zauna. "Ni ban gaya maka tun yaushe ba. Ban kuma ce ta rediyon mota ce ba."

Injiniya ya jingina da bango. Da ya sake magana, muryarsa ta yi sanyi.

"Gwaji na yi niyya, wallahi. Shekara da shekaru yana ce mini kunnen katako. Na ce bari in canja, in ya yaba sai in fito da nasa in yi masa dariya. Sai na ce kafin nan bari in ɗora su a nawa, in ji sau ɗaya." Ya nuna sifikunsa da hannu. "Da na ji, sai na kasa cirewa. Shi ba ya jin su, Sufeto. Asara ce a wurinsa."

"Yaron da ya kwana a bayan kanta fa?"

Injiniya ya juya wajen sifikunsa. Ya roƙi alfarma ɗaya, a bar shi ya kwance su da hannunsa, kada ɗan sanda ya fasa. Sufeto ya bar shi. Injiniya ya naɗe su a auduga, sannan ya miƙa hannu aka sa masa ankwa.

A ofis, Likita ya tsaya yana kallon amininsa ana wucewa da shi ciki, ga 'yan sifikunsa na asali a kan kanta. Sufeto ya yi masa bayani da ƙarfi, dalla-dalla, har da tun lokacin da aka canja su. Tsohon ya nemi benci ya zauna.

Aka fito da Auta. Sufeto ya tare shi a ƙofa.

"Yanzu sai ka gaya mini."

"Tun ranar da Baba ya dawo na ji daga tsakar gida sautin ya dushe," in ji Auta a hankali. "Shi kuma yana ta yabo. In na ce an daɗe da canja su, na gaya masa kunnensa ya tafi ke nan. Ba abin da ya rage masa sai ɗakin nan, Yallaɓai."

Sufeto ya ji tausayi ya kama shi, da haushi kuma. Ya matsa ya ba shi hanya.

Likita ya miƙe da ƙyar. Ya dubi ɗansa, ya dubi ƙasa.

"Auta, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Ba komai, Baba. Na yafe."

Tsohon ya ci gaba da tsayuwa yana jira. Da ya ga kamar ba amsa, sai ya gyaɗa kai, ya juya zai fita shi kaɗai.

Auta ya bi shi ya kama hannunsa. Ya kai baki daidai kunnensa, a gaban Sajan da mahaifiyarsa da duk masu jiran beli, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa.

"Na ce na yafe, Baba!"