Awon Gishiri, Awon Sukari

A garin Tsafe akwai wata yarinya 'yar aji huɗu a sakandare, mai rawar kai ta gaske. A gidansu ita ce mai awon hatsi. In ta cika tiya, ko Inna ba ta sake dubawa. Shi ya sa take ganin babu awon da zai gagare ta a duniya.

Ran nan Malama Hanatu, mai koyar da kemistiri, ta shigo aji da albishir.

"Za a yi gasar kimiyya a Gusau. 'Yan Bungudu ma za su zo. Mutum biyu zan ɗauka."

Aji ya kaure da ihu. Yarinyar har da tsalle. "Ni ce ta farko, Malama!"

"Za mu gani. Da awon mol zan gwada ku. Ku tuna, mol kamar dozin yake. Dozin sha biyu ne, ko na ƙwai ko na cokula. Mol ma adadi ne, na ƙwayoyin sinadari waɗanda ido ba ya gani. Yawansu kusan shida ne da sifili ashirin da uku a bayansa."

Ina! Yarinyar ba ta ji ba. Hankalinta ya riga ya hau motar Gusau.

Malama ta auna mol ɗaya na gishiri a sikeli, ta juye a ɗan kofi. "To, kowa ya auno mini mol ɗaya na sukari."

Yara suka duƙufa lissafi. Ita kuwa ta dubi inda gishirin ya tsaya, ta zuba sukari daidai nan a wani kofi, ta ruga gaba. "Na gama!"

Malama ta ɗora a sikeli. "Wannan ko gram hamsin bai kai ba. Ɗari uku da arba'in da biyu ake nema."

Aka tuntsire da dariya. Wani yaro, Ashiru, shi ya auna daidai, ya samu gurbi na farko. Malama ta ce gobe za a fitar da na biyu.

Yarinyar ta koma gida rai a ɓace. An yi ruwa, Baba yana shuka a gonar bayan gida.

"Mi ya same ki, ɗiyata?"

"Ba komai, Baba."

"To taho ki kama mini. Layin ga na dawa ne, wancan na wake. Ramukansu daidai suke. Kowane rami ƙwaya uku."

Ta ɗebi dawa cike da kwano, ta ɗebi wake cike da wani kwanon irinsa. Tana tsakiyar aiki wake ya ƙare. Dawa kuwa kamar ba a taɓa ta ba.

"Baba, awo ɗaya na yi musu fa!"

"Ai rami ba ruwanshi da awo. Ƙwaya yake so, kuma ta wake ta fi girma."

Ta tsaya cak. Sai ta buga tsalle, har ta kusa zubar da dawar.

"Na gane! Ƙwayar sukari ta fi ta gishiri nauyi! Adadi ɗaya, nauyi daban!"

Baba ya yi dariya. "Ni dai ki rufe mini ramukan nan."

Washegari Malama ta ce, "Yau mol ɗaya na ruwa nake so."

Wannan karon yarinyar ta saurara har ƙarshe. Ta haɗa nauyin haidirojin biyu da na oksijin ɗaya da ke cikin ƙwayar ruwa. Ta ɗiga ruwa a hankali har sikeli ya nuna gram goma sha takwas.

"Madalla! Ki shirya, ke ce ta biyu."

Murna kamar ta tashi sama. Ta ce, "Malama, ki yafe mini. Jiya ban saurare ki ba."

"Ya wuce. Amma ki riƙe wannan: duk iyawarki, ki saurari bayani kafin ki sa hannu a aiki."