Baya da Baya a Ɗakin Ƙarshe

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da mai sulhu ta ce wa Almakashi ta wuce ɗakin ƙarshe ta jira.

Almakashi ita ce mai yanka a kamfanin ɗinkin kayan makaranta. Sana'a ce ta ba ta sunan, bakinta ya zaunar da shi. Shekara goma sha ɗaya tana yanka, shugabar teloli, wadda kowa ke kira Yaya, tana haɗawa. A kwano ɗaya suke cin abinci. Sai ga shi wata huɗu ko gaisuwa babu. Aiki ya watse, hannun riga na dama ya fi na hagu tsawo, makarantu suna dawo da kaya. Manaja ya kwaso su su tara zuwa wani gidan hutu a bayan gari, ya ɗauko mai sulhu, ya kuma faɗa ba kwana-kwana: in biyun nan ba su shirya ba, ranar Litinin ɗaya za ta tafi.

Tun safe ake fama. A jefa ƙwallo, a riƙe igiya, a rubuta damuwa a takarda. "Da girmana an mai da ni 'yar firamare," in ji Almakashi. Saura abu ɗaya.

"Kujeru biyu ne, baya da baya," mai sulhu ta ce. "Ɗaya ta yi magana, ɗaya ta maimaita abin da ta ji. Ba waiwaye sai na kaɗa ƙararrawa. Ki je, Yaya na tafe."

Ɗakin can ƙarshen baranda yake, ba ƙwan lantarki. Taga ɗaya, tana kallon tsakar gida. Almakashi ta zauna a kujerar da ke fuskantar tagar, ta ɗora jakarta a cinya, ta harɗe hannu.

Ba ta ji an buɗe ƙofa ba. Ta dai ji kujerar baya ta yi ƙara, wani baya ya jingina da nata.

Sanyi gare shi, kamar randa.

Sai wari ya taso, ƙaurin yadin da dutsen guga ya ƙona. Ta san warin nan. Wata huɗu da suka wuce ta shaƙe shi a teburin yanka, ranar da ta ji muryar Yaya a bayanta tana cewa hannunta ya mutu, ɓarnar yadi kawai take yi. Ran nan ba ta waiwaya ba, don zuciya. Daga nan gaba ta fara.

"Ƙanwata," aka ce ƙasa-ƙasa, da muryar Yaya. "Maimaita. Tsohuwar banza, idonki ya mutu, ke za ki tafi ranar Litinin."

Almakashi ta buɗe baki, sai ta tsaya. Ita ba tsohuwa ba ce. Idonta ras, zare take sa wa allura ba tabarau. Wannan zagin ba awonta ba ne, da jikin wata aka auna shi.

"Da ƙarfi," aka ce. "Yadda na faɗa."

Ta ɗaga ido ta kalli taga.

Ga Yaya can a tsakar gida. Tana tafe a hankali saboda ciwon gwiwa, tabarau a goshi, ta nufo baranda.

Tsoro ya kama Almakashi, tsoro na gaske. Amma a ƙarƙashin tsoron wani abu ya fi shi zafi. Wata huɗu. Wata huɗu tana cin abinci ita kaɗai saboda wannan abin.

"Ba zan faɗa ba," ta ce.

Ta yunƙura ta tashi. Mayafinta ya manne da bayan abin, ya shaƙe mata wuya. Sanyin ya hau kafaɗa, ya kai ƙeya.

Takun Yaya a baranda. Ɗaya mai nauyi, ɗaya mai ja.

"To ni zan faɗa miki," aka raɗa.

Sai ta ji muryarta. Tata ta kanta, har da ɗan tsakin da take yi kafin magana, ta cika ɗakin.

"Tsohuwar banza, idonki ya mutu."

Takun ya tsaya a bakin ƙofa.

Ihu ba zai yi ba. Wace murya Yaya za ta yarda da ita, alhali duk ɗaya ce? Almakashi ta cusa hannu a jaka. Almakashinta, ƙarfen da ba ta rabuwa da shi, yana nan. Ta kai shi wuya, ta datse mayafin, ƙaras. Ta faɗi a gwiwa, ta juya ta fuskanci ƙofa, ta cije leɓenta gam har ta ji ɗanɗanon jini.

Ƙofa ta buɗe. Yaya na tsaye, ido cike da hawaye.

Almakashi ta nuna leɓenta da yatsa.

"Ke za ki tafi ranar Litinin," in ji muryar Almakashi, daga kujerar da ba kowa a kai.

Yaya ta sauke tabarau daga goshi. Ta dubi bakin da ke rufe. Ta dubi kujerar, inda rabin mayafi ke tsaye a iska, shi kaɗai.

Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta gudu ba. Ta shigo da gwiwar nan tata, ta damƙi hannun Almakashi.

"Tashi, ƙanwata. Ni ma haka ya yi mini a bakin keken ɗinki, da muryarki."

A ƙofa Almakashi ta tsaya, ta waiwaya ta dubi kujerar.

"Ka yi asara," ta ce. "Ba wadda za ta tafi."

Ƙofar ta rufe kanta da ƙarfi, saura kaɗan ta kama diddigenta. Can nesa mai sulhu tana kaɗa ƙararrawa.

Mai sulhu ta rubuta a rahotonta cewa dabarar baya da baya ta yi aiki. Ba su ƙaryata ta ba. Ranar Litinin da sassafe suka ja teburin yanka da keken Yaya suka sa su fuska da fuska, Manaja yana mita ana toshe hanya.

Har yanzu, wani lokaci da yamma, ƙaurin yadi yakan taso alhali ba wanda ya kunna dutsen guga. Muryar Yaya takan fara raɗa a bayan Almakashi. Sai ta ɗago ta dubi Yaya, ta ga bakinta a rufe, allura a tsakanin leɓe.

"Yi ta yi," takan ce wa abin, ta ci gaba da yanka.