Fitilun da Suka Ɗaga Kai

A Dakoro akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da ƙoƙari a lakwal, wato makaranta, amma zuciya gare ta. Idan aka tsokane ta da safe, har la'asar tana huci.

Babanta, Malam Issa, yana da moto, wato babur. Yakan kai takalma kasuwar wani ƙauye bayan Ajekoriya, ya dawo da magariba. Hanyar rairayi ce, ga ramuka, ga dabbobi. Fitilar moton kuma ta tsufa. Sai ya sayo ƙananan fitilu biyu na ƙari, ya kai wa Mutari makanike. Yarinyar ta bi shi don ta sha kallo.

Mutari ya ɗaure fitilun a gaban moto. Ya jawo waya daga batir, ya naɗe kowane haɗi da salatif. Daga nan ya tura moton cikin rumfarsa mai duhu. A jikin bango akwai wani dogon zane na gawayi, daidai ƙugun mutum. Ya kunna fitilun, ya yi ta duƙar da su har haskensu ya koma ƙasan zanen. Ya ɗaure noti, ya ɗiga masa jan fenti.

"Kawu Mutari, don mi ka duƙar da su?" in ji yarinyar.

"Don su kalli hanya, ɗiyata. In suka ɗaga kai, idon wanda ke tahowa za su kashe."

Ba ta saurara ba sosai. Hankalinta yana kan ƙyallin fitilun.

Washegari a lakwal, ta fara kuri da moton babanta. Hamsatu, wadda suke zama benci ɗaya, ta kwashe da dariya.

"Na gan shi jiya! Hitilun moton wana har kan itacen bedi suke haskawa. Na babanki kuwa kai a ƙasa, kamar wanda aka kama da sata!"

Duk 'yan aji suka sa dariya. Yarinyar ta cika fam. Ko rubutun da Mushe, malaminsu, ya yi a allo ba ta kwafa ba.

Da ta dawo gida, Baba ya tafi sallar la'asar. Moto yana ƙarƙashin rumfa. Ta ɗauko sufana, ta kwance notin, ta ɗaga fitilun sama. Ta sake ɗaurewa da duk ƙarfinta.

"To, yanzu a yi dariyar mu gani," ta ce.

Da safe Baba ya tafi kasuwa. Rana tsaka wa zai kunna fitila? Bai lura da kome ba.

Da magariba yana dawowa, ya kunna su. Haske ya tafi kan itatuwa, ya bar hanya cikin duhu. Daidai nan Samba, wani manomi, yana tahowa da amalanken shanu ɗauke da wake. Hasken ya daki idon sansa. Sa ya firgita, ya yi gefe, amalanke ya faɗa rami ya kife. Buhu biyu suka fashe. Wake ya watse cikin rairayi, Samba kuma ya goge gwiwa.

Baba ya shigo gida ransa a ɓace. Ko tuwo bai taɓa ba.

"Mutari ya cuce ni!" ya ce wa Inna. "Ya ɗaura mini abin kashe mutane. Gobe sai garin nan duka ya ji."

Yarinyar tana jin su. Amma ta ja bakinta ta yi shiru.

Gari ya waye ranar Asabar, babu lakwal. Baba ya tura moto zuwa garaji, Samba na biye da shi yana ɗingishi. Ita ma ta bi su daga nesa.

'Yan kabu-kabu sun cika wurin, kowa na jiran gyara. Baba ko sallama bai gama ba ya fara faɗa.

"Mutari, wannan shi ne aiki? Dubi ƙahwar mutumin ga!"

Samba ya ɗora nasa. "Waken da na noma damina guda, ga shi can cikin rairai! Da sana ya karye hwa?"

Mutari ya jefar da tsumman hannunsa. Ya tura moton cikin rumfa, ya kunna. Haske ya haye can saman zanen gawayi, har jinka.

"Ba haka na bar su ba, Malam Issa. Dubi jan hentin da na sa. Ya goce. An taɓa notin ga!"

"Wa za ya taɓa? Ni kaɗai ke hawan moton nan. Ka yi aikin banza, kuma kana neman wanda za ka laƙa wa!"

Idon Mutari ya yi ja. "Shekara goma sha biyu ina aikin ga. Ba a taɓa ce mini maƙaryaci ba sai yau."

'Yan kabu-kabu suka fara kallon juna. Ɗaya ya ja motonsa ya fita. Na biyu ma ya kama nasa. A garin da kowa ya san kowa, kafin azahar sunan Mutari zai gama lalacewa. Kuma mutumin nan bai yi kome ba.

Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Duk da haka ta kutsa tsakiyar mutane.

"Baba, ni ce."

"Ke ce mi?"

"Ni na ɗaga su da sufana. Hamsatu ce ta yi mini dariya, na ji haushi." Sai hawaye.

 Baba ya dube ta, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kina ji jiya ina zagin bawan Allah, kika yi shiru? Don dariyar 'yan aji kika kusa karya mutum?"

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ba ni za ki ba haƙuri ba!"

Ta durƙusa gaban Mutari, ta durƙusa gaban Samba. Baba ma ya cire hularsa.

"Mutari, na yi gaggawa. Na zage ka gaban jama'a, gaban jama'a nake roƙonka gahwara."

 Mutari ya miƙa wa yarinyar sufana.

"Hannun da ya ɓata, shi za ya gyara. Taho."

Ya ce ta tsaya jikin bango tukuna. Ya kunna fitilun. Haske ya soke mata ido, ta yi ƙara, ta kare fuska da hannu biyu.

"To, abin da san Samba ya gani ke nan," in ji Mutari.

Ta kwance notin. Ta duƙar da fitilun a hankali, har haske ya sauka ƙasan zanen gawayi. Mutari ya ɗaure, ita ta ɗiga jan fenti. Waɗanda suka ja motocinsu suka dawo da su suna sosa ƙeya.

Aiki bai ƙare nan ba. Baba ya ɗauke ta da rariyar Inna zuwa inda amalanke ya kife. Wuni guda tana tankaɗe rairayi tana tsince wake. Bayanta ya yi ciwo, rana ta gasa ta. Da yamma buhunan sun kusa cika. Samba ya yi murmushi, ya ba ta nono a ƙwarya.

Ranar Litinin, Hamsatu ta sake cewa, "Ina moto mai kai a ƙasa?"

"Yana nan, yana kallon hanya," in ji yarinyar. Ta buɗe littafinta.

Yara, kada haushi ya sa ku taɓa aikin da ba ku san dalilinsa ba. Idan kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, kafin a ɗora wa wani laifinku.