Ƙwayar Ƙaiƙayi da Jirgin Tanimu

Ranar kasuwar Warra Barakatu ta fara ganin mutumin da ta daɗe tana yi wa Allah ya isa a zuci. Ta zo asibitin garin da ƙaryar zazzaɓi, ta zauna a benci ƙarƙashin allon da aka shafe sunan Sakkwato aka rubuta Kebbi, fentin ma bai gama rufe tsohon rubutun ba. Ta zaci wani ƙato za ta tarar mai hura hanci. Sai ta ga siririn saurayi cikin fararen kaya, tawadar biro ta ɓata masa aljihu, yana lallashin wata tsohuwa ta buɗe baki.

Shi ne Illo, nas ɗin da aka turo daga Yelwa. Shi ne kuma ya ba yayanta Tanimu magani a daminar da ta wuce.

Tanimu jirgin inji yake ja, yana kai fasinja ƙauyukan tsallaken tafki. Zazzaɓi ya kama shi, ya zo asibiti da sassafe, aka ba shi kulorokwin. Da ya ce maganin yana sa shi ƙaiƙayi, sai aka haɗa masa da wata ƙaramar ƙwaya. Ya haɗiye duka, ya hau jirgi. A tsakiyar ruwa barci ya sace shi hannunsa na kan inji, jirgin ya saki hanya ya daki kututturen wata bishiya daga cikin waɗanda ruwa ya ci tun da aka yi dam aka datse kogi. Masunta na kusa, ba a rasa rai ba, amma jirgin ya tsage, buhunan albasar mutane suka nutse.

Basiru, wani mai jirgi da suke takarar fasinja da Tanimu, shi ya ce ya gan shi ranar a kusa da gidan burkutu. Tanimu ya rantse magani kawai ya sha, aka yi masa dariya. Wa ya taɓa jin maganin zazzaɓi ya sa mutum barci da rana tsaka? Sarkin Jirgi ya hana shi riƙe inji. Tun daga nan Tanimu bai ƙara taka bakin tasha ba, mahaifinsu Malam Gambo kuma ya daina zama majalisar ƙofar masallaci.

Barakatu malamar firamare ce, ba ta da yawan magana, amma ba ta mantuwa. Ta ƙulla abinta ita kaɗai: za ta sa nas ɗin nan ya so ta, ya turo manyansa, sannan ta ce ba ta yi a gaban kowa. Shi ma ya ji yadda kunya take.

Da layi ya zo kanta, Illo ya sa mata ma'aunin zafi, ya duba idonta, ya ajiye biro.

"Malama, jikinki lafiya lau. Ba zan ba ki magani ba."

"To mi ke damuna?"

"Sai dai ke ki gaya min. Tun da kika shigo kike kallona kamar na yanka miki akuya."

Dariya ta kusa ƙwace mata, ta danne ta da gefen mayafi. Haushin kanta ya kama ta har ta isa gida.

Ba a jima ba Rebecca, ungozomar asibitin kuma maƙwabciyarsu, ta kawo mata ambulan ɗin magani. Babu ƙwaya a ciki, sai rubutu a baya:

"Majinyaciyar ƙarya, na rubuta miki gaisuwa, a sha safe da yamma. Idan ta sa ki murmushi, kada ki tsorata, haka take yi. Illo."

Ta amsa a takardar da ta yago daga littafin darasi:

"Likitan Warra, maganinka ya yi rauni. Ƙara ƙarfinsa."

Ya ƙara kuwa. Ya fara zuwa zance da la'asar, yana jingine kekensa a jikin darbejiyar ƙofar gidan Rebecca, yana ba ta labarin tsofaffin da ke ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe su tofar a waje, da masuntan da ke haɗiye maganin yini guda lokaci ɗaya don kada ya jiƙe a kwalekwale. Yakan ce mata Malamata. Ta lura yana wanke hannu ko gyaɗa zai ci, kuma idan ya yi dariya sai ya rufe ido. Ta tsani yadda take lura da waɗannan abubuwa. Duk ranar da ta ji zuciyarta na laushi, sai ta leƙa ɗakin Tanimu, ta gan shi zaune yana gyaran komar wani, mutumin da a da ake jin muryarsa tun daga tsallake. Nan take zuciyar ta sake ƙeƙashewa.

Wata rana Illo ya rubuto:

"Malamata, na yi wa kawuna magana a Yelwa. Ki ba ni izini su zo. Wannan ciwon ba ni da maganinsa a kabad."

Abin da take jira ke nan. Ta karanta, ta sake karantawa, ba ta ji daɗin da ta zata ba.

Basiru ma ya daɗe yana aiko mata da kifi tana mayarwa. Da ya ga keken Illo ya yawaita a unguwar, sai ya kai wa Malam Gambo labari. Tsohon ya kira ta tsakar gida, mahaifiyarta Inna Tabawa na gefe tana tsince shinkafa.

"Yaron asibiti? Wanda yab ba Tanimu ƙwaya? Duk samarin garin ga, shi kika gani?"

"Baba, ni dai..."

"Ba ya shigo min gida. In maganinsa ne, ya cuce mu. In ba maganinsa ba ne, to ɗana mashayi ne. Ko wanne ne, ban son ganin fuskarsa."

Inna ta dubi ɗiyarta ta girgiza kai.

Da la'asar Illo ya zo da fara'arsa. Barakatu ba ta shimfiɗa masa tabarma ba.

"Ka san Tanimu mai jirgi?"

"Wanda jirginsa ya tsage? Na ji labari. An ce..."

"An ce mi? Yayana ne. Daga hannunka ya fito ya hau ruwa. Kulorokwin ka ba shi, da wata ƙarama ta ƙaiƙayi."

Ta ga fuskarsa ta canja a hankali. Ya dafa sirdin keke.

"Furometazin," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "Tana kashe ƙaiƙayi, amma tana sa barci mai nauyi. Ba a tuƙi da ita, ba a hawa ruwa. Ranar kasuwa ce ko? Layi har waje. Na ce masa ya sha idan ƙaiƙayi ya taso." Ya shafa fuskarsa. "Ban tambaye shi sana'arsa ba. Innalillahi. Ni ma da na ji zancen burkutu, yarda na yi."

Ta daɗe tana tanadin maganganu masu zafi domin wannan lokaci, ta kuma zaci zai yi musu. Da bai yi ba, sai ta faɗa masa duka: ƙaryar zazzaɓin, da shirin barin kawunsa ya zo ya koma da kunya.

"Har amsoshin da kike aiko min?"

Ta kawar da kai gefe.

"To mi kike so in yi, Malama?" Tun da ya fara zuwa zance, karon farko ke nan da ya cire "ta" ɗin, kuma ta ji shi har cikin ƙirjinta.

"Ka je bakin tasha ranar kasuwa. Ka sha ƙwayar a gabansu. Magana ba ta shigarsu, Yaya ya yi rantsuwa sun yi masa dariya. Ina so su ga barcin da idonsu, kuma kai za su yi wa dariyar."

"Kin san labari zai kai Birnin Kebbi? Za su iya dakatar da ni."

"Na sani."

Ya hau kekensa ya tafi ba sallama. Ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta san na haushi ne ko na mene ba.

Ranar kasuwa ta zo. Illo ya ɗauki hutun yini, Rebecca ta riƙe masa aiki. Da hantsi ya iso tasha cikin fararen kayansa, ya durƙusa ya gai da Sarkin Jirgi, wanda ke zaune a rumfarsa masu jirage kewaye da shi. Barakatu na can gefe wajen masu soyayyen kifi. Ta yi ta roƙon Tanimu har ya biyo ta, ya tsaya a bayanta hula ta rufe masa goshi.

"Ranka ya daɗe, na zo gyara ɓarnar da na yi," in ji Illo. Ya ɗaga ƙwayar tsakanin yatsu biyu. "Wannan na ba Tanimu ranar da jirginsa ya tsage. Tana sa barci. Haƙƙina ne in gaya masa kada ya hau ruwa, ban gaya masa ba. Ba giya ya sha ba."

Tasha ta ɗauki surutu. Basiru ya kece da dariya.

"Wanga ɗan abu kamar ƙwayar gero? Likita, mun san wadda kake yi wa wasan. Sha ka yi minsharin ƙarya, a ba ka mata!"

Illo ya haɗiye tasa da ruwan randa. Kafin ya rufe ambulan, Basiru ya fizge guda ya jefa baki ya tauna.

"Ga shi nan! Yanzu zan kai fasinja tsallake in dawo, ku gani."

Illo ya tare shi a bakin ruwa. "Yau ba ka taɓa inji. Ranka ya daɗe, a karɓi igiyar injinsa. Na yi wannan kuskuren sau ɗaya, ya ishe ni."

Sarkin Jirgi ya miƙa hannu, dole Basiru ya ba da igiyar. Aka zaunar da su biyu a kan buhunan albasa. Basiru na ta zuba, yana ba da labarin yadda yake kwana a ruwa ba ya ko gyangyaɗi. Aka ci gaba da ciniki, ana lodi, ana waiwayensu. Can maganarsa ta fara ja. Ya yi hamma ya ce rana ce. Ya miƙe don ya nuna lafiyarsa lau, ƙafa ta ƙi, ya koma ya zauna. Kafin a kira azahar yana kwance baki buɗe, hularsa a cikin laka.

Dariyar da aka yi har masu kwalekwale a kan ruwa suka tsaya suna tambaya. Wata mai kifi ta ce, "A duba ko gidan burkutu ya biya!"

Barakatu ba ta yi dariya ba. Ta tsaya ta ƙare wa Basiru kallo, ƙudaje na sauka a leɓensa, ta kuma tabbatar Tanimu ma ya gani. Sannan ta juya wajen Illo. Shi ma kansa ya langaɓe a jikin buhu, ido a rufe, rana na dukan fuskarsa, yara sun fara nuna shi. Abin da ta nema ke nan. Sai ta buɗe lemarta, ta ratsa tsakiyar maza, ita da ko a taron malamai ba ta ɗaga murya, ta tsaya a kansa ta yi masa inuwa. Basiru kuwa ta bar shi a rana.

Sarkin Jirgi ya kira Tanimu da sunansa. "Mun zalunce ka, ɗana. Gobe ka zo ka karɓi inji."

Da Illo ya buɗe ido, lema ya fara gani.

"Kin rama?" ya tambaya, harshe na masa nauyi.

"Na rama."

"Saura mi?"

"Saura kawunka. Ka ce su zo."

"Su zo su koma da kunya?"

"Su zo da goro mai kyau, Likitana. Baba ba ya cin daushe."

Takardar gargaɗi ta zo daga Birnin Kebbi, aka kuma jinkirta masa ƙarin girma. Bai yi ƙorafi ba. Tun daga ranar, duk wanda ya zauna gabansa, tambayar farko ita ce, "Mi kake yi na sana'a? Yau za ka hau ruwa?" Har masu jirage suka mayar da ita abin tsokana idan sun hango kekensa.

Malam Gambo ya koma majalisar masallaci, amma ya ja wa Illo rai har aka gama girbin shinkafa. Tanimu ne da kansa ya shiga ya roƙe shi. Tsohon ya ce, "Da ya yi shiru, ba wanda zai sani. Bai yi shiru ba. Ku ce kawun nasa ya zo."

Aka ɗaura aure a Warra bayan Juma'a. Da za a kai amarya gidan iyayen ango a Yelwa, an samu mota, amma Barakatu ta ce ita ta ruwa za ta bi. Tanimu ne a kan inji, cikin sabuwar shadda, muryarsa ta dawo har tana kaiwa tsallake. Illo ya rako su bakin tasha, ya matso kusa da surukinsa.

"Yaya, ka sha wani magani yau?"

"Kunu kawai, Likita. Ko shi ma sai na nemi izini?"

Daga ƙarƙashin lulluɓi Barakatu ta miƙo wa Illo wani tsohon ambulan ɗin magani. A bayansa ta rubuta:

"Nawa, amsoshin nan duk na gaskiya ne, tun daga ta biyu. A sha kullum, ba ranar dainawa."

Inna Tabawa ta ɗaga hannu daga bakin ruwa, mata suka rangaɗa guɗa. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya kai ku gaɓa lafiya."

Aka amsa da amin. Tanimu ya ja igiya, injin ya tashi tun a jan farko.